GINA SABABBIN GIDAJE A ƘAUYUKAN KUDANCIN KADUNA: WA KE DA IKON CEWA A GINA?

Wannan jawabi an shirya shi ne domin shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu, da iyayen ƙasa, watau sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kuma duk wani magidanci mai gona ko mai neman filin gini a Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Maganar da ya ƙunsa ta ƙasa ce: wa ke da ikon ba da ita, wa ke da ikon hanawa, da kuma abin da ya wajaba majalisar ƙaramar hukuma ta duba kafin ta yarda a yanka gona a mai da ita unguwa.

Duk wanda ya bi hanya daga Kafanchan zuwa Kagoro, ko ya nufi Zonkwa ta Madakiya, ko ya gangara Gidan Waya, ya ga abin da ake nufi da idonsa. Inda a da ba a ganin kome sai kunyoyin doya da karan dawa, yanzu tulin yashi ne da bulo, da harsashin ginin da ke jiran kwano. Wannan abin farin ciki ne, domin alama ce ta cewa 'ya'yan ƙasar da suka tafi aiki Kaduna da Abuja da Jos ba su manta da gida ba. Ga ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, duk suna neman ɗakin haya; ga kuma jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025, wadda ita ma za ta jawo nata mutane. Amma gini abu ne wanda in ya tsaya ya tsaya. Gonar da aka shuka ba daidai ba, a gyara baɗi. Gidan da aka kafa a kan hanyar ruwa kuwa, jikoki ne za su gaji wahalarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

Yadda ikon ƙasa ya sauya hannu

Ita kanta Kafanchan ta yau 'yar wata shawara ce da aka yanke a kan takarda. Ƙasar Fantswam ce tun asali, amma da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927, sai wurin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka kwararo daga kudu da arewa, har a 1933 Sarkin Jema'a ya maido fadarsa nan. Tsohon tsarin garin, da layukansa miƙaƙƙu da unguwar ma'aikatan jirgi, yana nan yana ba da shaida cewa an auna kafin a gina. Unguwannin da suka tsiro daga baya ba da awo ba su ma suna ba da tasu shaidar, musamman ran da aka yi ruwa mai ƙarfi.

A ƙauyuka kuwa, ƙasa a hannun dangi take. A wurin Bajju da Atyap da Ham da Agworok da sauran ƙabilun yankin, kowane gida ya san gandun kakanninsa, ya san itacen da ya raba shi da maƙwabci, baƙo kuma in yana son wurin zama sai ya bi ta hannun dattawa. Turawa sun zo da dokar 1910 wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta wannan a Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962. A zamanin nan En'e ce ke tsakanin talaka da gwamnati. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka rushe tsarin En'e, sai wannan nauyi ya tashi daga fada ya koma sakatariya. Har yau akwai dattawan da wannan sauyi bai zauna musu ba, akwai kuma masu saye da sayarwa da suke yi kamar ba su san an yi shi ba.

Abin da dokar 1978 ta ce

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris, 1978, aka kuma ɗaure ta a cikin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara Tsarin Mulkin kansa. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, sa'an nan ta raba ta biyu. Akwai ƙasar da Gwamna ya ayyana a matsayin ta birni, wannan shi ke kula da ita kai tsaye. Duk abin da ya rage, watau ƙasar karkara, dokar ta sa shi ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukumar da yake cikinta.

Saboda haka tambaya ta farko ga duk mai son gini ita ce: wannan fili, a wane ɓangare ya faɗa? Ba a gane amsar da ido. Wuri yana iya zama da rumbuna da turken awaki, amma a takarda ya daɗe da shiga cikin iyakar birni, domin iyakar tana matsawa duk lokacin da Gwamna ya sa hannu a sabuwar sanarwa. Ƙauyukan da suka manne da Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kwoi su ne wannan ya fi shafa. In fili ya faɗa cikin birni, maganarsa tana hannun hukumomin jiha: KADGIS, wadda aka kafa a 2015 domin rajistar filaye da takardun mallaka, da KASUPDA mai ba da izinin gini. Takardar da wani ya karɓo daga sakatariyar ƙaramar hukuma a kan irin wannan fili ba za ta tsare shi daga katafila ba. Haka kuma, ko a karkara, Gwamna yana da ikon ba da takardar mallaka tasa, kuma filin da ya riga ya bayar ƙaramar hukuma ba ta da hannu a kansa.

A ƙasar karkara, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ko ƙungiya haƙƙin zama na gargajiya, domin noma, ko gida, ko kiwo. Amma ikon yana da linzami. Ba za ta ba mutum guda fiye da hekta 500 domin noma ba, ko fiye da hekta 5,000 domin kiwo, sai da yardar Gwamna. Dokar ta kuma tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara a kan rabon ƙasa, domin kada maganar ta zama ta mutum ɗaya a bayan tebur. Ya kamata jama'a su riƙa tambaya ko nasu kwamitin yana zama, su wane ne a cikinsa, kuma yaushe ya yi zamansa na ƙarshe.

Akwai wani sashe wanda mutane da yawa ba su taɓa ji ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da abin da ke faruwa a bakin hanyoyi. Sashe na 36 ya tabbatar wa manomin karkara gonar da yake nomawa tun kafin 1978, ko yana da takarda ko ba shi da ita. Wannan rahama ce babba. Amma sashen nan kuma ya hana a yanka irin wannan gona fuloti-fuloti, ya hana mai ita ya miƙa ta ga wani, ya ce duk takardar cinikin da aka rubuta a kan haka banza ce, masu hannu a ciki kuma suna iya fuskantar tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Naira 5,000 a 1978 dukiya ce. A 2024 ko buhun siminti guda ba ta saye. Tarar ta tsufa ke nan, amma kalmar "banza" ba ta tsufa ba, kuma ita ce ke cin mai saye ran da aka shiga kotu. Sashe na 21 kuma ya ce wanda yake riƙe da haƙƙin zama na gargajiya ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar ƙaramar hukuma.

A nan ne ya kamata a yi magana a fili da iyayen ƙasa, cikin ladabi. Sa hannun mai unguwa ko dagaci a takardar ciniki shaida ce mai daraja: yana nuna cewa an san mai sayarwa, an san iyaka, ba a ji wata jayayya ba. Babu ma'aikacin da ya san tarihin gona kamar dattijon da aka yi rabon gadonta a gabansa. Amma shaida daban, izini daban. Dokar ba ta ba sarauta ikon rabon ƙasa ba, kuma basaraken da ya bar dillalai suna amfani da hatiminsa kamar takardar gwamnati yana jawo wa rawaninsa abin da ba ya wankuwa.

Game da tsarin gari kuwa, Gwamnatin Tarayya ta kafa doka mai lamba 88 a 1992, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1946, ta kuma yi nufin kowace ƙaramar hukuma ta sami hukumar tsara gari tata. Sai dai a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce Abuja ba za ta ce wa Kaura ko Jaba ko Sanga ga inda za a fitar da titi ba. Shawara kawai za ta iya bayarwa. Yankewa na gida ne.

Abin da majalisa za ta duba kafin ta ce to

In mai gona ko dangi suka zo da buƙatar a fitar da unguwa, abu na farko shi ne hanya. Lissafin a sauƙaƙe yake. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Hekta guda, in aka yanka ta kaf ba a bar kome ba, za ta ba da fuloti 21. In aka ware rubu'inta domin titi da lambatu, sai ta ba da 16. Fulotai biyar ɗin nan da ke tsakani su ne duk abin da ake ja-in-ja a kai. Mai sayarwa yana ganinsu kuɗi ne aka zare masa daga aljihu. Amma su ne hanyar da motar asibiti za ta bi ta ɗauki mai naƙuda, su ne inda za a kafa turakun lantarki, su ne inda motar kashe gobara za ta juya. Unguwar da aka yanka ba titi, ƙarshenta sai dai a rushe katangar wani, kuma wanda za a rushe wa ba shi ne ya ci kuɗin fulotai biyar ɗin ba.

Na biyu ruwa. Ƙasar nan ba irin ta Katsina ko Daura ba ce. Damina takan faro tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma yana gangarowa da ƙarfi daga duwatsun Kagoro da sauran tuddai. Kowane kwano da aka rufa, kowane tsakar gida da aka dafe da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa ne aka kora wa na ƙasa. Fadama ba wurin gida ba ce, ko da ta bushe ƙurmus a watan Fabrairu lokacin da dillali ke nuna ta. Wanda zai sayi fili a wannan yanki, ya je ya gan shi a watan Agusta. Majalisa kuma kada ta amince da wata taswirar unguwa sai ta ga inda ruwan zai bi har ya faɗa rafi, da inda za a sa kwalbati, domin ƙaramin kwazazzabon da aka raina bana shi ne ke cin gida uku bayan shekara goma.

Daga nan sai rijiya da masai. A ƙauye na da, gidaje a warwatse suke, kowa da sararinsa. In aka matse su fuloti kusa da fuloti, masan wannan yakan zo daf da rijiyar wancan, ba wanda ya yi nufin cuta, amma ga zawo da taifot da kwalara sun sami hanya. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma masan ya kasance ta gangare. A fuloti mai tsawon ƙafa 100 wannan ba ya yiwuwa sai maƙwabta sun shirya tare, ko kuma a ware wuri guda domin rijiyar burtsatse ta unguwa. Aikin duba-gari ke nan, kuma ya fi amfani kafin a haƙa. Haka zancen yake ga garken aladu, waɗanda kiwonsu sana'a ce babba a yankin, kamar yadda kasuwar Katsit ta shaida: a san inda za a sa su tun farko, nesa da ruwan sha, kuma da lura da maƙwabcin da addininsa bai yarda da su ba.

Akwai kuma wuraren da doka ta riga ta hana, ko majalisa ta so ko ba ta so ba. Babbar hanyar tarayya tana da haraba ta mita 45.72 kowane gefe daga tsakiyar kwalta. Babban layin lantarki mai ƙarfin 330 yana buƙatar mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. Layin dogo yana da tasa harabar, ko jirgi yana wucewa ko ya daina. Dajin gwamnati irin na Nimbia ba na rabo ba ne. Wanda ya gina a irin waɗannan wurare, ran da aka zo rushewa ba shi da bakin neman diyya.

Sai burtali da mashaya. Wannan ita ce maganar da ake gudu, kuma gudunta ne ya sa ta yi tsada. Shanu suna bin hanyoyinsu tun kafin a haifi duk wanda ke zaune a majalisa yau, wasu suna nufin makiyayar Ladduga a ƙasar Kachia, wasu suna gangarawa kudu da rani su komo da damina. In aka dasa gidaje a kan burtali, shanun ba za su fasa tafiya ba, sai dai su ratsa ta gonar wani. Taswirar da ba ta nuna burtali ba taswira ce da ba ta cika ba, kuma zaman da aka yi a kanta ba arɗo a wurin zama ne da ba a gama ba.

Game da gona kanta, sai a yi hattara da lissafin gaggawa. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko ta yi suna har ƙasashen waje, amma annobar da ta faɗa mata a daminar 2023 ta bar manoma da yawa da bashi. Mutumin da ke cikin wannan hali, in dillali ya zo masa da kuɗi a hannu, da wuya ya ƙi. Majalisa ba za ta iya hana kowa sayar da abinsa har abada ba, amma tana iya karkata gini zuwa tudu da ƙasa mai tsakuwa, ta bar ƙasa mai albarka ga garma. Itatuwan ɗorawa da kaɗanya da atili da giginya su ma dukiya ce, sau da yawa ta mata, kuma su ne farkon abin da ake sarewa. Kada kuma a manta da filin makaranta, da na asibiti, da maƙabartar Kirista da ta Musulmi, da kurmin da dangi ke girmamawa tun kakanni. Waɗannan in ba a ware su ran awo ba, ba a ƙara samunsu sai da kuɗi mai yawa.

Abin da aka riga aka gani

A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, Gwamnatin Tarayya ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. Niyya ce mai kyau, amma ƙasa a hannun gwamnoni take, waɗansu kuma ba jam'iyyarsu ɗaya da Shugaba ba. A wurare da yawa filin da aka samu yana can bayan gari, ba ruwa, ba wuta, ba motar haya. Gidaje suka tsaya shekaru ba kowa sai jemagu, aka ɓalle ƙofofi da tagogi. Siminti bai yi laifi ba, wurin ne ba a zaɓa da mutanen da za su zauna ba. A Tanzaniya ma, tsakanin 1973 da 1976, gwamnatin Julius Nyerere ta tattara miliyoyin manoma cikin ƙauyukan da aka tsara a bakin hanya domin a kai musu makaranta da ruwa, amma da yake an yi da tilas, kuma sau da yawa nesa da gonaki masu kyau, noma ya sha wahala.

Misalin da ya fi kusa, ya kuma fi ciwo, na Zangon Kataf ne. A watan Fabrairu na 1992 aka tashi aiwatar da shawarar ƙaramar hukuma ta mai da kasuwar garin wani sabon wuri. Dalilan da aka bayar, na cunkoso da ƙarancin fili, irin waɗanda kowane mai tsara gari ya sani ne. Amma ƙarƙashin maganar kasuwa akwai tsohuwar jayayya a kan ƙasa da mulki tsakanin Atyap da Hausawan Zango, wadda ba a warware ba. Aka zubar da jini a Fabrairu, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sa'an nan a watan Mayu wuta ta sake tashi fiye da ta farko, har ta kai Kaduna da Zariya. Ba a kawo wannan domin a ɗora wa wani ɓangare laifi ba. An kawo shi ne domin kowane kansila ya san nauyin hannun da yake ɗagawa in ana ƙuri'a a kan wuri. A wannan yanki, inda za a sa kasuwa ko unguwa ko wurin ibada ba ƙaramar magana ba ce, kuma sanarwar da aka manna a allon sakatariya ba ta isa a ce an shawarci jama'a ba. Shawara ita ce a je ƙauyen, a zauna a gindin itace, a yi bayani da Hausa da harshen mutanen wurin, a nuna iyaka da ƙafa, a saurari wanda ya ƙi.

Wakilan al'ummomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a watan Maris na 2016. Irin wannan alkawari a teburin rabon fili ake cika shi ko a karya shi. Wani abin damuwa shi ne yadda tun bayan rikicin zaɓen 2011 mutane ke neman zama sai cikin 'yan addininsu kawai. Ana gane tsoron da ya kawo haka, amma bai kamata hukuma ta sa masa hatimi ba. Filin da hukuma ta fitar na duk ɗan ƙasa ne.

Diyya, da haƙƙin wanda ba ya nan

Ƙaramar hukuma tana da ikon karɓar ƙasar karkara domin amfanin jama'a, kamar makaranta ko asibiti ko kasuwa. Amma dokar da ta ba ta wannan iko ita ce kuma ta ɗora mata sharuɗɗa. Dole ta biya diyyar abin da ke kan ƙasar, watau gini da amfanin gona da itatuwa masu 'ya'ya. In gona ce ake nomawa, dole ta ba manomin wata gonar a madadinta. In ta ƙi biya ko ta yi ta jan ƙafa, Gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta diyyar ya umurce ta ta biya. Manomi ya tabbata an ƙirga itatuwansa a gabansa, an rubuta, ya riƙe kwafi. Kuma "amfanin jama'a" ba ya nufin a karɓe gonar talaka a yanka wa manya fulotai. Wanda aka yi wa haka ƙofar kotu a buɗe take gare shi.

Akwai ƙauyuka a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kauru da Kajuru waɗanda hare-hare suka tarwatsa, mutanensu suna zaune a gidajen dangi a gari. Akwai kuma rugage da unguwannin da aka bari saboda tsoro. Kufan waɗannan mutane amana ne a wuyan hukuma. Wanda ya gudu da ransa bai sayar ba, bai kuma bayar ba, saboda haka kada a karɓi buƙatar kowa a kan irin wannan wuri sai an nemo masu shi. In kuma an tashi sake gina ƙauyen, a tambayi mazaunansa ko suna son komawa inda suke ko su matso kusa da juna, domin su suka san ta inda aka shigo musu.

Haka nan gwauruwar da mijinta ya rasu da marayunta. Sau da yawa 'yan'uwan mamaci ne ke kawo gona kasuwa, ita kuwa sai ta ga masu awo. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa Tsarin Mulki, a wata shari'ar kuma ta yi watsi da al'adar korar matar mamaci daga gidan mijinta. Sakataren da aka kawo wa takardar ciniki a kan gandun gado, ya tambaya ko duk magada sun sani.

Ga mai neman fili

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son kafa gida, kada ya biya ko kwabo sai ya bi waɗansu matakai. Ya fara da ofishin filaye na ƙaramar hukuma da na KADGIS, ya ji ko filin na birni ne ko na karkara, ko akwai wata takarda a kansa, ko gwamnati ta riga ta ware shi domin wani aiki. Ya nemi ganin taswirar unguwar da hatimin amincewa a kanta. Ya zaga iyaka tare da mai sayarwa da maƙwabta na kusurwa huɗu da mai unguwa, da rana, ba da magariba ba. Ya sa safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsu. Duk kuɗin da zai biya hukuma ya karɓi rasit na gwamnati, domin kuɗin da aka miƙa a bayan ofis ba ya cikin kowane littafi. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa domin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya sani cewa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ba ya ba da rance a kan takardar mai unguwa.

Su kuma ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, Tsarin Mulki ya riga ya lissafa musu ayyukansu a jadawali na huɗu: gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. An daɗe ana cewa rashin kuɗi ne ya hana. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma zaɓaɓɓun majalisu ne kaɗai ke da haƙƙin riƙe su. Ko kafin kuɗin su zauna daidai, akwai aikin da ba ya cin miliyoyi: littafin rajista guda mai ɗauri a kowace gunduma, wanda za a rubuta kowane fili da aka amince da shi, da sunan mai shi da na maƙwabtansa da ranar zaman kwamiti, da kuma taswirar kowane babban ƙauye mai nuna titi da rafi da burtali da maƙabarta, a manna kwafinta a ƙofar hakimi inda kowa zai iya tsayawa ya duba.